Ɗan Agaji da Bututun Maƙwabta

Ban taɓa ganin mutumin da ya iya ɓata lamarinsa da hannunsa irin Ɗan Agaji ba, kuma don tsabar rashin sa'a shi zuciyata ta ɗauko ta ce sai shi.

Gyaran famfo ne sana'arsa. Sunan kuwa abokan aikinsa ne suka laƙaba masa, don ba ya iya wuce mutum a cikin wahala, ko ya san shi ko bai san shi ba. Motar wani ta mutu a titi, shi ne mai turi. Tsohuwa ta rasa mai ɗora mata kaya, shi ne mai ɗorawa, har da rakiya. Ni kaina haka na san shi. Famfon ƙofar shagon ɗinkina yana ta zuba, ya tsayar da babur ɗinsa ya ɗaure shi, ya wuce ko sannu bai tsaya na yi masa ba. A lokacin abin burge ni ya yi.

Baba kuwa ya ce ba da shi ba.

"Ban kai ki makaranta don ki ƙare a gidan mai kwance bututun banɗaki ba," in ji shi. Shi Manaja yake so, ɗan abokinsa, mai mota da ƙamshin turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Bai ce dole na aure shi ba, amma kullum sai na dawo daga shago na tarar da takalmansa a ƙofar falonmu.

Na yi kuka, na yi yajin cin abinci, na ɗauko Gwaggo, yayar Baba, ta zo ta yi masa ta-tas. Da ƙyar da siɗin goshi ya ce to, yaron ya zo da yamma ya gan shi sau ɗaya. Ya maimaita, sau ɗaya.

Da safe na kira Ɗan Agaji a waya. Na ce, "Don girman Allah yau ɗaya ka zama mutum irin kowa. Ko me ka gani a hanya ka kau da kai."

Ya yi dariya ya ce, "An gama, ranki ya daɗe."

Ashe ba a gama ba.

Sai na faɗi labarin bangon falonmu, don a nan masifar take. Bango ɗaya ne tsakaninmu da maƙwabtanmu, wani tsohon direba da matarsa da muke kira Iya. A jikin bangon, ta ɓangarensu, akwai bututun ruwa da ya daɗe yana yoyo. Danshi ya ratso ya cinye mana fenti, bangon ya yi baƙi, falon kullum warin ruma. Baba ya ce direban ya gyara, direban ya ce bututun gida biyu yake ba ruwa, a haɗu a gyara. Magana ta yi zafi, har direban ya faɗa a gaban mutanen layi cewa halin Baba ya fi bangon ruɓewa. Daga ranar Baba ya haramta mana gidan, ko gaisuwa. Shekaru ke nan. Mun ji an ce direban ba shi da lafiya, Baba ya ce ba ruwanmu.

Baba ya kai ƙara ofishin duba-gari, aka yi ta yi masa jeka-ka-dawo, sai da Manaja ya shiga maganar aka sa rana. Washegarin ranar zuwan Ɗan Agaji da safe za su zo su ga yoyon da idonsu. Baba ya hana a goge bangon, ya hana a matsar da kujera a rufe shi. Lallaɓa wannan danshin yake kamar ɗan da ya haifa.

Yamma ta yi. Baba ya sa babbar rigarsa ya hakimce a falo, Manaja a gefensa, wai ya zo gaisuwa ne. Ni da Umma muna bayan labule, ina ta duba waya. Lokaci ya yi ya wuce. Baba ya dubi agogo, ya dubi Manaja, Manaja ya yi ɗan murmushin nan nasa da nake ji kamar na kwaɗa masa faranti.

Can sai ga sallama.

Na leƙa. Farin yadin da na ɗinka masa da hannuna ya jiƙe daga gwiwa zuwa ƙasa, hannun rigar a naɗe, ga baƙin tsatsa a ƙirji. Ya durƙusa ya gaida Baba da ladabi.

"Sai yanzu?" in ji Baba.

"A gafarce ni, Baba. Wallahi da wuri na iso, ina ƙofar gida ina jiran lokaci ya cika. Sai na ga wata tsohuwa a gidan nan na kusa tana fitowa da bokiti tana zubarwa a kwata, ta koma ta sake fitowa da wani, har tana tangaɗi. Na karɓa mata, na tambaye ta, ta ce bututu ne. Da yake kayan aikina suna kan babur, sai na ce bari na duba."

Umma ta damƙe hannuna.

"Ka duba," in ji Baba a hankali. "Sai aka yi yaya?"

Shi kuma bawan Allah har da fara'arsa. "Ai mahaɗar ce ta ci, na canza ta. Ya daina gaba ɗaya." Ya ɗaga kai ya ga bangonmu. "Af, ashe har nan ya ratso. To in sha Allahu shi ma wannan ya huta, in ya bushe sai fenti kawai."

Manaja ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa.

Baba ya miƙe tsaye. Ban taɓa ganin jijiyar wuyansa ta tashi haka ba.

"Wa ya aike ka?"

"Babu kowa, Baba."

"Ka san su?"

"Ban san su ba."

"Ba ka san su ba, ba a aike ka ba, ka shiga gidan mutumin da ya ci mutuncina a bainar jama'a ka wanke shi tas? Gobe hukuma ta zo ta ga me? Busasshen bututu? Su ce ni ne tsohon banza mai neman fitina?"

Manaja ya gyara murya. "Baba, a yi masa uzuri. Irin su ba da mugun nufi suke yi ba, hannun ne ba ya zama wuri ɗaya. Sai dai wahalar da muka sha kafin a sa ranar nan..."

Ɗan Agaji ya dubi wannan, ya dubi wancan, sai a lokacin ya gane ramin da ya faɗa. Ya ce, "Baba, ban sani ba. Na tuba."

"Tubanka ba ya mayar da ruwa," in ji Baba. "Amma tunda ka ce kana son 'yata, ga hanya. Ka koma yanzu ka kwance abin da ka ɗaura, ka bar shi yadda ka same shi. In ka yi, ka turo manyanka. In ba ka yi ba, kada na sake ganin babur ɗinka a layin nan."

Ɗan Agaji ya yi godiya ya tashi ya fita.

Na fizge hannuna daga na Umma na bi shi. A bakin ƙofar gida na same shi yana ɗaure jakar kayan aikinsa a bayan babur.

"Me na ce maka da safe?" na ce masa. "Me na roƙe ka?"

"Auta, tsohuwa ce. Da kin ga yadda..."

"Ban gani ba, kuma ba na son na gani. Garin nan kaf babu mai tausayi sai kai? Wata da watanni ina kuka, na rame na zama kamar sanda, na sa Gwaggo ta ɓata da ƙaninta, duk don a ba ka wannan zaman. Kai kuma ka sayar da shi a kan bokitin matar da ko sunanta ba ka sani ba."

"Ban san akwai rigima ba."

"Ai ba ka taɓa sani. Kai dai ka ga aiki ka duƙa. Kowa a duniya yana da rabo a wurinka, na titi da na kasuwa, ni kaɗai ce kullum a ƙarshen layi. Sau nawa ka shanya ni a shago kana can kana tura motar wani?"

Hawaye suka ɓalle mini. Ya kau da kai, don ba ya iya kallon kukana.

"Ki yi haƙuri," ya ce.

"Ba haƙuri nake nema ba. Ka je ka kwance. Kwana ɗaya ne tak. Su zo su gani, Baba ya huce, jibi ka koma ka ɗaure abinka. Wa ya mutu?"

"Auta, ruwan nan a ɗakin mara lafiya yake zuba."

"Ya daɗe yana zuba ba su mutu ba."

Da bakina na faɗi haka, kuma a lokacin ko ɗar ban ji ba. Ya juyo ya dube ni, irin kallon da bai taɓa yi mini ba.

"Abin da kike so ke nan?"

"Shi nake so. In har son da kake faɗa gaskiya ne."

Sai ya kwance jakar ya zaro sifana.

"To zan yi. Amma tare za mu shiga. Ke za ki gaya mata dalili, don ni bakina ba zai iya ba."

"Mu je," na ce. Haushi ya rufe mini ido, ko umarnin Baba na hana mu shiga gidan ban tuna ba.

Iya ce ta amsa sallamarmu. Na tsorata da ganinta. Matar da na sani mai jiki, mai dariyar da ake ji har gidanmu, ta koma 'yar mitsitsiya, zanenta a jiƙe. Ta ƙura mini ido, sai ta kama baki.

"Auta? Ke ce kika girma haka? Ashe yaron nan naku ne. Shigo, 'yata, shigo. Allah ya yi muku albarka. Ni tun ɗazu nake cewa ban ko tambayi sunansa ba."

Ta ja mu zuwa ɗakin. Warin danshi ya buge ni, wanda ke falonmu wasa ne. An janye gado zuwa tsakiyar ɗaki, an ɗora ƙafafunsa a kan bulo. Bokitai da robobi jere a gindin bango, yanzu babu komai a cikinsu. A kan gadon tsohon direba ne kwance, ɓarin jikinsa ɗaya ya shanye, bakinsa ya karkace. Barci yake.

"Rabon da ya yi barci irin wannan har na manta," in ji Iya ƙasa-ƙasa. "Ƙarar ɗigar ce take hana shi. Ni kuma in na kwanta sai na tashi juye bokiti. Yaran duk suna nesa, ga hannuna ba ƙarfi." Ta dubi sifanar. "Wani abin ka manta ne, ɗana?"

Ɗan Agaji ya wuce ya durƙusa a gindin bangon, ya sa sifana a sabuwar mahaɗar, ya daidaita ta. Sannan ya ɗago ya zuba mini ido yana jira.

Iya ma ta juyo tana kallona da murmushinta.

Na buɗe baki. Na shirya maganar tun daga waje, kwana ɗaya ne kawai, Iya, jibi za a mayar. Harshena ya ƙi. Na ga hannunsa ya fara motsi, ƙarfen ya yi 'yar ƙara.

"Bari," na ce.

Bai bari ba.

"Na ce ka bari." Na duƙa na fizge sifanar daga hannunsa. Na juya wurin Iya na ce, "Dubawa muka zo yi ko ya ɗauru sosai. Ya ɗauru."

Ta bi mu da addu'a har ƙofa. Ni ko amin na kasa cewa.

Muna fita na tare gabansa.

"Da ban hana ka ba, kwancewa za ka yi?"

"Da na kwance. Na riga na ce miki zan yi."

"Sannan?"

"Sannan na hau babur ɗina. Ba za ki sake ganina ba."

Maganar ta shige ni har ƙashi. Na so na zage shi, na so na ce ashe gwada ni yake, na so na jefe shi da ƙarfen da ke hannuna. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina, ina jin na Baba wanda ya fi duka.

Ga Baban kuwa a ƙofar gidanmu, hannuwa a baya, Manaja a kafaɗarsa, Umma tana leƙe ta bayansu.

"Daga ina kike?" in ji Baba.

"Daga gidan Iya."

"Da izinin wa?" Bai jira amsa ba. "An kwance?"

"Ba a kwance ba. Ya sa hannu zai kwance, ni na hana shi."

"Ke?"

"Ni, Baba."

Umma ta ce, "Auta, ki rufa mana asiri ki yi shiru."

Amma bakina ya riga ya buɗe. Tunda aka haife ni ban taɓa ɗaga ido na dubi Baba ina magana ba sai ranar. Kuka nake, maganar tana fita.

"Baba, kai ka koya mana tausayi. Kai ne mai tsayar da mota ka ɗauki mutumin da ba ka sani ba in ana ruwa. Yau kuma sharaɗin aurena shi ne a sakar wa mara lafiya ruwa a ɗaki? In haka ne na haƙura da auren, nasa da na kowa." Na miƙa masa sifanar da hannu biyu. "Ga shi. In sai an kwance ranka zai yi sanyi, ƙofarsu a buɗe take. Amma kada a sa bare ya yi."

"Ni kike miƙa wa ƙarfe?" Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. "Ni?"

Manaja ya matso. "Baba, kada ka wahalar da kanka. Da sassafe zan turo wani ya kwance kafin su iso."

"Kai kuma yi mini shiru," in ji Baba, ko kallonsa bai yi ba. Ya fizge sifanar. "Kin ɗauka tsoron wani nake ji? Da hannuna zan kwance shi. In na fito kuma, maganar yaron nan ta mutu har abada, ki ji da kyau."

Ya tattare babbar rigarsa ya nufi gidan da ya yi shekaru bai taka ba. Ko sallama bai yi ba ya shige.

Muka tsaya cirko-cirko. Umma tana ta salati a hankali. Manaja ya duba wayarsa, ya ce yana da wani uzuri, babu wanda ya amsa masa, ya shiga motarsa ya tafi. Ɗan Agaji yana jingine da babur, kansa a ƙasa. Ban kalle shi ba, shi ma bai kalle ni ba.

Na kasa kunne ina jiran na ji ihun Iya, ko faɗan Baba, ko ƙarar ruwa a bokiti. Ban ji komai ba. Na ce a raina shi ke nan, yana can yana kwancewa, ni kuma na yi biyu babu, na rasa masoyi na ɓata da uba.

Sai ga shi ya fito.

Hularsa a hannu. Fuskarsa a murtuke fiye da yadda ya shiga, amma gefen idonsa a jiƙe yake, kuma kowa ya san ba ruwan bututu ba ne. Ya wuce ni kamar bai gan ni ba, ya tsaya a gaban Ɗan Agaji, ya jefar masa da sifanar a ƙasa.

"Kai wane irin mai gyara ne?" ya daka masa tsawa. "Ka shiga gidan mutane ka yi aiki rabi ka fito? Famfon banɗakinsu ma zuba yake, matar nan da tsumma take ɗaure shi. Ba ka da ido ne?"

Ɗan Agaji ya durƙusa ya ɗauki sifanar. "Ban duba can ba, Baba."

"To je ka duba." Ya juya wurin Umma. "Ke kuma kin tsaya kina kallona. Mutum yana kwance a bayan bangonki haka, babu wanda ya iya buɗe baki ya gaya mini? A kai musu abinci da busasshen bargo."

Umma ta buɗe baki za ta ce shi ya hana, ta fasa, ta shige ciki da sauri.

Baba ya taka zuwa ƙofa, ya tsaya, bai juyo ba.

"In ka gama ka wanke hannunka ka same ni a falo."

Na ce, "Baba..."

"Ke rufe mini baki, ban gama da ke ba, mara kunya." Ya ɗaga labule. "Shi ma ban ce na ba shi ba. Cewa na yi ya shigo."